Tukunyar Ƙarfen Mika'ilu

Vénissieux, 14 ga Maris 1994

Zuwa ga ƴata Rékia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin asibiti da tsayuwar yini? Yaya maigidanki, yaya jikata, tarin nan ya sake ta? Sanyin unguwarku ta Stains, can gefen Paris, ya fara sauƙi kamar namu? Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Babanku ya aiko saƙo daga Dogon Dutsi, ya ce ginin gidanmu ya kai taga, kuma ba zai dawo ba sai ya ga an ɗora rufi. Kin san halinsa.

Na rubuto miki ne maimakon in buga waya, don wayar tana salo, ɗakin zamanmu, ƙanenki Mika'ilu kuwa ba abin da ke wuce kunnensa. Ki yi haƙuri da layukan da suka karkace, hannuna bai saba da doguwar takarda ba tukuna.

Mika'ilu ya shigo mana da wata tukunyar ƙarfe. Tsohuwar tukunyar lemo ce irin ta gidan kafe, inda ake shan gahawa da lemo, doguwa, ta wuce mini gwiwa, tana ƙyalli kamar sabon cokali. Mai kafen da ke kusa da tashar jirgin metro ne ya ba shi, don bakinta ya lalace za a yar. Ya ce giya zai riƙa yi a ciki. Ba wannan ne ya dame ni ba. Kakarki ta yi shekara talatin tana dafa ta dawa, duk bikin girbi randunanta ake jira, kuma da muka shiga majami'a ba wanda ya ce ta fasa su. Na ma ji daɗi da yaron ya sami abin yi da hannunsa, ya fi mini zaman ƙofar bene da samarin unguwarmu ta Minguettes.

Sati uku yana aikinta. Ran Asabar yakan sa ta a jaka ya tafi garejin wani abokin aikinsa a Saint-Fons, inda akwai injin liƙin ƙarfe. Ya yanke tsohon bakin ya liƙa sabo. Ya huda gefe ya sa famfon tsiyaya. A sama ya dasa wani ɗan agogo mai allura ɗaya, ba lokaci yake faɗa ba, ƙarfin iskar da ke ciki yake faɗa. Kusa da agogon akwai wani ɗan ƙarfe mai zobe, supap yake ce masa. Murfin yana da roba a baki, in ya danne shi ko numfashi ba ya fita. Da ya gama sai ya zuba ruwa, ya hura mata iska da famfon keke, ya shafe duk inda ya liƙa da ruwan sabulun wanke-wankena, ya durƙusa yana neman kumfa. Babu ko ɗaya. Ya kira ni in shafa liƙin da yatsa. Gaskiya sumul yake, kamar ɗinkin tela mai haƙuri.

Kin san cikin watan Yuni zai yi jarrabawar liƙin bututu. Shekara biyu ke nan yana aiki a izin, masana'antar nan, a matsayin ɗan wucin gadi, yau a kira shi, gobe a ce ya zauna gida. Shef ɗinsu, shugaban aikin, ya ce in ya ci za a ɗauke shi na dindindin. Shi kuma ya ce mini tukunyar nan ita ce jarrabawarsa ta gida. In ta riƙe iska, to hannunsa ya faɗa.

Murfin ne ya hana ni sakewa. Mu ba a rufe bakin giya tana tashi. Faifai kawai kakarki take ɗorawa, ta ce abu ne mai rai, dole ya yi numfashi. Ina ƴar shekara tara wata maƙwabciyarmu ta liƙe bakin tulu da laka saboda ƙuda. Kwana biyu ya fashe, tsingaron ya yanke gwaggona a ƙafa, har ta mutu da tabon. Na ba Mika'ilu wannan labari. Ya yi dariya, ya ce ai dalilin tukunyar ke nan, a tsare iskar a ciki don giyar ta yi kumfa kamar ta kwalba, kuma laka daban ƙarfe daban. Ni dai bene na tara muke, da mutane sama da mutane ƙasa.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan yarinya. Ki riƙa cin abinci kafin ki fita aiki.

Innarki,
Kadidiatou

*

Vénissieux, 9 ga Afrilu 1994

Ƴata Rékia,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Ina fatan kun yi Ista lafiya. Hoton da kika aiko ya iso, na ɗora shi kan talabijin. Yarinyar ta yi ƙiba, amma rigar ta yi mata shara-shara, ki ƙara mata ta ciki.

Mika'ilu ya yi dahuwarsa ran Litinin ɗin Ista. Ba dawa ba ce, tsiron sha'ir ne da yake sayowa a buhu, da wani busasshen ganye mai ɗaci. Ya ƙwace mini babbar tukunyar suna da rariya, ya hana ni shiga kicin har azahar. Amma da ƙamshin ya taso sai na tsinci kaina tsaye a bakin ƙofa. Ƙamshin tsakar gidanmu ne sak, ranar dahuwa. Na nuna masa yadda ake kwashe kumfar farko da bayan ludayi, ya ce ashe yana da injiniya a gida bai sani ba. Mun yi yini mai daɗi. Da ruwan ya huce ya juye shi cikin ta ƙarfen, ya zuba yisti, ya danne murfi, ya ajiye ta a lungun kicin kusa da ƙofar balko, ƴar barandarmu.

Kashegari allurar ta ɗaga kai. Ran Laraba ta kai lamba ɗaya. Shi yana murna, yana leƙa ta kafin ya sha kafe. Ƙarfe shida ya fita, ya bar ni da ita har ƙarfe biyar na yamma.

Rékia, na kasa wanke ko kofi a kicin ɗin nan. In na kara kunne sai in ji tana ɗan guna-guni a ciki, kamar cikin mai yunwa. Ta bayan bangon nan gadon jaririn maƙwabciyarmu Madam Kone yake.

Zan gaya miki abin da na yi, amma ya tsaya tsakanina da ke. Ranar da yake gwada ta da ruwa na ga ya ja zoben nan na supap, iska ta fita. Jiya na naɗe hannuna da tawul, na kau da fuska, na ja. Ta yi huci mai tsawo, allurar ta kwanta. Sai na gano in an ja zoben an ɗan murɗa shi, yakan tsaya a buɗe. Na bar ta haka ta yi numfashinta, ƙarfe huɗu na mayar da shi yadda yake. Na yi wanke-wankena hankali kwance, har na yi barcin rana.

Ban ga laifin da na yi ba. Giya za ta nuna ko da murfi ko babu. Shi ya sami tukunyarsa, ni na sami kwanciyar hankali. Kada ki faɗa masa in ya bugo miki.

A gaida mutanen gida. Allah ya tsare ku.

Innarki,
Kadidiatou

*

Vénissieux, 8 ga Mayu 1994

Ƴata Rékia,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da ta yarinya. Takardarki ta zo tun sati biyu, na karanta ta sau uku. Ban amsa ba don na san gaskiya kika faɗa. Kin ce in daina, in gaya masa. Ko ɗaya ban yi ba.

Giyar farko ta fito lami. Ɗanɗano akwai, amma ba kumfa ko kaɗan, kamar shayin da ya kwana. Tun kafin a buɗe ya riga ya damu, don kullum da safe yana barin allura a sama, da yamma ya tarar ta faɗi. Ya canza robar murfi. Ya canza agogon, ya ce ko shi ne ke ƙarya. Ya sake shafa ruwan sabulu, ba kumfa. Daga ƙarshe ya ce akwai wata ƴar tsaga a liƙinsa da ido ba ya gani, wadda ke buɗewa in rana ta bugi ƙarfen ta ƙofar balko. Ya mayar da ita gareji, ya yanke liƙin nan mai kyau da na shafa da yatsana, ya sake sabo. Asabar biyu ya yi a kai. Ya dawo da ƙuna a wuyan hannu, ni na shafa masa man kaɗanya, bakina a rufe.

Da ya sake dahuwa na yi wa kaina alkawari ba zan taɓa ba. Na yi kwana biyu. Rana ta uku allurar ta wuce ɗaya, jaririn Madam Kone yana kuka ta bayan bango, ban san lokacin da na ɗauko tawul ba. Daga nan kuma kullum.

Jiya ya buɗe ta biyun. Ita ma lami. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a ƙasan kicin ya jingina da firigo, akwatin sanyinmu, yana juya hannuwansa yana kallonsu. Ya ce mini bututun da ake liƙawa a izin ɗinsu ba giya ke bi ta ciki ba, abu ne da in ya sami ƴar kafa zai kwantar da mutum goma kafin a ankara. Ya ce mutumin da ya kasa rufe tukunyar lemo sau biyu, kuma ya kasa gano inda ya yi kuskure, bai kamata a ba shi irin wannan bututu ba. Ran Juma'a mai zuwa zai je buro, ofishin izin ɗin, ya ce a cire sunansa daga jarrabawa, ya bari sai baɗi ko baɗin baɗaɗa.

Na dafa masa shinkafa da miyar gyaɗa, ya ci cokali uku ya tashi.

Ni na yi wannan, Rékia. Yaron da hannunsa ba abin da ya same shi, na sa yana kallonsa kamar hannun wani. Kuma har yanzu ina tsoron tukunyar, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kunya ta fi yawa. Ta ina zan fara? Shi ne yake karanta mini takardun gwamnati, shi ne ya raka ni ajin koyon karatu na manya ranar farko ya zauna a waje yana jirana. In ce masa wata guda ina kallonsa yana wahala na yi shiru?

Kada ki bugo masa. Ni zan faɗa da bakina, kafin Juma'a. Ki sa ni a addu'a.

Innarki,
Kadidiatou

*

Vénissieux, 13 ga Mayu 1994

Ƴata Rékia,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ina fatan kin huta jiya, ko kuwa aiki ya faɗo kanki ranar hutu kamar kullum? Mu lafiya muke. Na faɗa masa.

Litinin na kasa, Talata na kasa, Laraba na buɗe baki sai na tambaye shi ko yana son ƙarin miya. Jiya Alhamis ba aiki saboda idin hawan Yesu sama. Muka dawo daga majami'a, ya ɗauko tukunyar yana wanke ta, ya ce zai kai ta ɗakin ajiya na ƙasa. Na tsaya a kansa da gyalena ban ko cire ba. Na tambaye shi ko ya taɓa lura cewa ran Lahadi, da yake yini a gida, allurar ba ta faɗuwa. Ya ce ya lura, hadari ne ake yi ranakun. Na ce masa Lahadi biyu daga ciki rana aka ƙwalla. Ya ɗago ya dube ni. Sai na kama zoben na ja, na murɗa, na bar shi a buɗe, na ce ga tsagarka.

Ya fita balko ya tsaya ya ba ni baya. Ni kuma na zauna kan kujera ina ninke gyalena ina warwarewa. Da ya dawo muryarsa ƙasa-ƙasa take, irin ta babanku in ransa ya ɓaci da gaske. Ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa. Ya tambaye ni ko ina sane lokacin da yake yanke liƙinsa, na ce ina sane. Ya ce da wani ne ya yi masa haka a wurin aiki, da ba zai sake shan kafe da shi ba har abada. Na ce gaskiyarsa. Na ce ban yi don in ɓata masa ba, tsoro ne, kuma na faɗa masa tsoron tun farko ya yi mini dariya.

Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta kama shi har ya dafa tebur. Ya ce wata guda yana neman rami da ruwan sabulu, ashe ramin yana dafa masa miyar gyaɗa. Ya ce daga yau sunana Madam Supap. Na ce ya kiyaye ni, ni na haife shi. Amma ni ma na yi dariyar, da hawaye a ciki.

Daga nan ya ce in tashi, yau zan yi karatu. Ya cika tukunyar da ruwa, ya rufe, ya haɗa famfon keke, ya ce ni zan hura. Na ƙi. Ya ce ai na saba da ita fiye da shi. Na kama na riƙa dannawa, shi yana riƙe da kafaɗata, allura tana hawa. Ta wuce ɗaya. Tana kai biyu sai supap ɗin ya buɗe da kansa, ya yi huci, ya rufe. Ba wanda ya taɓa shi. Ya sa na sake har sau uku, duk sau ukun haka. Ya kwance shi ya nuna mini cikinsa, wata ƴar waya ce a naɗe take danne bakin, in iska ta fi ƙarfinta sai ta ɗaga. Ya juya gindin tukunyar ya nuna mini lambar da masu ƙera ta suka buga, ta ƙarfin iskar da za ta iya ɗauka, na karanta da kaina, ta ninka biyun nan sau da yawa.

Na ce to me ya hana shi nuna mini haka tun watan Maris? Ya sosa ƙeya, ya ce wannan kam laifinsa ne.

Da yamma na ji yana waya da abokinsa mai gareji, yana cewa liƙin farko ma lafiyarsa lau. Bai faɗi abin da ya faru ba, ya ce wata matsala ce ta cikin gida, an gyara. Yau ya tafi aiki, bai je buro ba. Sunansa yana nan.

Ban ce ya huce gaba ɗaya ba. Da safe ya gaishe ni, amma bai tsaya hira ba. Ina ganin sai a hankali.

Ki gaida maigidanki. Ki gaya masa in kun zo hutu lemun citta zan yi masa, na san shi ba ya shan waccan.

Innarki,
Kadidiatou

*

Vénissieux, 27 ga Yuni 1994

Ƴata Rékia,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya zafi a Paris? Nan har mun fara barin tagogi a buɗe. Yaya yarinya, haƙoran sun fito? Babanku ya ce an ɗora rufi, yana nan tafe ƙarshen Yuli.

Ƙanenki ya ci jarrabawa. Ran ɗaya ga wata zai fara a matsayin na dindindin.

Bari in ba ki labarin ranar. Ya yi dahuwa ta uku kwana huɗu kafin nan, don haka ranar jarrabawa giyar tana kan ganiyar tashi. Na ɗauka zai ɗaure zoben da waya, ko ya kulle kicin. Bai yi ba. Ya sha kafensa, ya ɗauki jakarsa, ya ce in yi masa addu'a, ya fita. Ko kallon tukunyar bai yi ba.

Na yi yinin nan da ita. Na yi guga a salo, na tsince shinkafar da ba ta bukatar tsinta. Wajen sha ɗaya ta yi huci da kanta, na zabura har na ƙona gefen zani. Na je bakin ƙofar kicin na tsaya, hannuwana a baya. Allura tana inda ya bar ta. Da azahar ta sake. Wannan karon ban tashi ba.

Ƙarfe shida ya shigo, fuskarsa duk shatin hular liƙi. Ya wuce ni ya shiga kicin ya duba allura, sannan ya dawo ya durƙusa ya gaishe ni. Ban ji haushi ba.

Sakamakon ya ɗauki kwana takwas, don sai da suka ɗauki hoton cikin liƙin kamar yadda kuke ɗaukar na ƙashi. Ba su sami ko ɗigon rami ba.

Jiya Lahadi ya buɗe famfo. Kumfa ta cika kofi har ta zubo a hannunsa. Ni ya fara miƙa wa. Tana cizon harshe, kuma ganyen nan ya yi mata ɗaci da yawa, na gaya masa ta dawa ta fi. Ya ce to in koya masa ta dawa. Na ce sai babanku ya zo da dawar kirki, ba ta kantin nan ba.

Yanzu kuma wai ya hango wata tukunyar da ta ninka wannan biyu, yana so ya yi ta. Na ce masa madalla, ya yi ta a kicin ɗin matarsa in ya samo ta.

Ku sanar da ni ranar da za ku shigo jirgin ƙasa, in sa shi ya tarye ku. Ki taho wa yarinya da hula. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu lafiya.

Innarki mai ƙaunarki,
Kadidiatou